Kowa Yana Riƙe da Guntun Labarin Yaron

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa uku na zo da su kan yadda ma'aikatan makaranta za su haɗa hannu wajen taimakon yara masu buƙata ta musamman.

Ku lura, ma'aikata na ce, ban ce malamai ba. A 1994, a birnin Salamanca na ƙasar Sifen, gwamnatoci 92 suka amince cewa makarantar kowa da kowa ta karɓi kowane irin yaro. A 2021 UNICEF, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce yara masu naƙasa a duniya sun kusa miliyan 240, wato ɗaya cikin goma. Ku ƙirga yaran ajinku. Suna nan zaune gabanku, kuma malami ɗaya ba zai iya gano su duka ba.

Na farko ke nan, ganowa. Akwai wata yarinya a makarantar da na taɓa koyarwa. Zango biyu ana rubuta mata "ba ta mai da hankali". Malamar lissafi ta san in aka rubuta aiki a allo yarinyar nan ba ta da na biyu. Malamin da ke ba su shifta ya san kullum sifili take ci. Mai gadi kuwa, shi ya lura in an kaɗa ƙararrawar tashi ba ta motsawa sai ta ga yara sun ruga. Kun gani? Kowa da guntunsa a hannu, ba wanda ya kai wa wani. Sai ranar da mai gadin ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, anya yarinyar nan tana ji sosai?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Aka kira iyayenta, aka gwada kunnen, ashe ji take kaɗan-kaɗan, sauran a leɓenmu take karantawa.

Na biyu, gyaran da kowa zai kiyaye. Me muka yi? Muka dawo da ita layin gaba. Muka yi alkawari ba mai magana yana fuskantar allo. Malamai, wannan ɗabi'ar tamu ce, alli a hannu, ƙeya ga yara, baki na ta zuba! (dariya) Rubuta, juyo, sannan ka yi magana. Kada ka tsaya a jikin taga, haske na bayanka, fuskarka ta yi duhu. In yaron baya ya ba da amsa, maimaita ta. Juyo, na ce, sannan ka yi magana. In malami biyar sun kiyaye, na shida ya ƙi, darasinsa ta rasa.

Ina muke? Na uku ko? To, shi ne a rubuta tsarin yaron. Tun 1975 dokar Amurka ta wajabta wa irin yaran nan tsarin karatu na kansu a rubuce. Takarda ɗaya ma ta isa: abin da yake iyawa, abin da ke ba shi wuya, wa zai yi me. A ƙarshen shekara a miƙa ta hannu da hannu ga malamin aji na gaba. Shugaban makaranta ya ware lokacin zama, iyaye su halarta.

Na'am, malama?

(Wata malama ta tambayi abin da za ta yi in mai farfaɗiya ya faɗi a aji.)

Yauwa, na gode. Da farko, ba a ɗaukar farfaɗiya daga jikin wani, ki faɗa wa yara kada su gudu. Ki janye benci, ki sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, ko cokali ko ruwa. Ki duba agogo. In jijjigar ta lafa ki kwantar da shi ta gefe, ki zauna da shi har ya dawo hayyacinsa. In ta wuce minti 5, sai asibiti. Kuma gobe ki koya wa mai shara da mai gadi, don yana iya faɗuwa a filin wasa ke kina ofis.