Me Ya Sa Lebul Ɗin Robobin Kicin Ɗinku Ke Ɓarewa?

Assalamu alaikum. Kun ga bidiyoyin jeren kicin da ke ta yawo a TikTok da Instagram, kowace kwalba da sunanta fes. Da yawa sun kwaikwaya, bayan sati ɗaya lebul ya fara ɗaga kunne, a sati na biyu an tsince shi a ƙasan kanta. Sai a ce ai salatef ɗin jabu ne. Yawanci ba salatef ba ne, kuma yanzu za mu ga inda matsalar take.

Ga kayan aiki: farar takarda A4, almakashi, maka mai rubutun da ba ya gogewa, faffaɗan farin salatef irin na naɗe kwali, sabulun ruwa na wanke-wanke, sifirit na kemis, da busasshen tsumma. Mazubi kuwa duk wanda ke gida ya yi: kwalbar Bama, gwangwanin Milo, robar kastad. Banda robar fenti, banda duk abin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, ko an wanke shi sau goma.

[Hoto: ana jiƙa kwalabe a baho]

A jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu kamar minti 20, tsohuwar takardar za ta saki. Abin da zai rage shi ne wannan gam mai danƙo. A nan masu bidiyo ke cewa a goga man girki, kuma gaskiyarsu ne, mai yana narkar da gam. Ku duba yadda yake murmushewa. Kalanzir ma yana yi, amma kada a kai shi kusa da mazubin abinci, warinsa na shiga jikin roba ya ƙi fita.

To, a tsaya nan, domin nan ne ake yanke bidiyon a nuna kwalba ta fito tas.

Man da ya narkar da tsohon gam, shi ne zai hana sabon gam kamawa. Ido ba ya ganinsa, amma yana nan shimfiɗe a jikin kwalbar. In aka manna salatef a kai, gam ɗin bai taɓa kwalba ba sam, a kan maiƙo ya zauna. Rana ta farko zai yi kamar ya kama. Da zafin kicin ya taso, sai ya fara zamewa daga kusurwa.

Saboda haka bayan mai, wanki biyu ne. Na farko da sabulun ruwa da ruwan ɗumi, a ɗauraye, a kife ya bushe ƙarƙaf. Na biyu, a ɗiga sifirit a tsumma mai tsabta, a goge daidai wurin da lebul zai zauna, a bar shi minti ɗaya ko biyu ya tashi. Daga nan hannu ya bar wurin. Yatsan da ya taɓa manja ko ya shafa basilin ya isa ya ɓata aikin. Kuma don Allah ba tsumman da ke rataye kusa da risho ba, wannan ya fi kwalbar maiƙo.

[Hoto: kwalabe biyu, ana zuba musu ruwa]

Ga gwaji. A kwalba mai tsabta ruwa yana malala ya rufe jikinta. A mai maiƙo, yana dunƙulewa ɗigo-ɗigo. Sai dai gwajin na kwalba ne kawai. A roba, ruwa zai dunƙule ko da tana da tsabta, kuma wannan ya kawo mu rabi na biyu na matsalar.

Ku juya robar, ku dubi gindinta. Akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. In kun ga 5 da harufan PP, ko 2 da HDPE, to irin robar da gam ba ya shiri da ita ce, haka aka yi ta. Yawancin bokitan kastad da robobin ajiyar abinci daga cikinsu suke. Dabara ita ce kada a dogara da robar: a zagaya salatef ya kewaye jikinta gaba ɗaya har bakinsa ya hau kan kansa da kamar santimita 3. Salatef yana kama salatef da kyau. In bokitin mai faɗin baki ne da tsukakken gindi, zagayen zai yi tattara, sai a ɗan tsaga shi da almakashi ta baya a kwantar.

Shi kansa lebul ɗin ba wuya. A yanka takarda santimita 7 a kwance, 3 a tsaye, A4 guda tana ba da 27. Faɗin salatef ɗin ya kusa santimita 5, don haka zai rufe takardar ya bar baki sama da ƙasa, kuma wannan bakin ne ke hana ruwa shiga. Mai son bugun kwamfuta ya ce a buga masa da firinta mai hoda ko a yi hotokofi, domin tawadar ruwa tana zuba da zarar ta ji laima. Rubutun maka ma a rufe shi, mai da sifirit duk suna cinye shi.

A manna daga tsakiya zuwa gefe, a danne da bayan cokali har kumfar iska ta fita. Irin wannan gam da danni yake kamawa, kuma ƙarfinsa na ƙaruwa a hankali, don haka a ba shi kwana ɗaya kafin wanki. Da hunturu, a yanko salatef a manna nan take. In aka rataye shi a bakin tebur ana hira, ƙura ta gama da shi.

Masu dama sitaci su manna takarda da shi: a kwalba yana kamawa, a roba ba ya yi, kuma da damina yana fumfuna, ga shi kyankyasai na sonsa. A ganina arhar ba ta kai wahalar ba.

[Hoto: jerin mazubai a kanta]

A jiki ake mannawa, ba a murfi ba. Murafen kwalaben Bama duk ɗaya suke, ranar da aka yi musaya sai a zuba garin zogale a miyar kuka, ko gishiri a shayin maigida. Fararen gari su suka fi buƙatar manyan harufa: fulawa, garin masara, garin shinkafa, bakin hoda. In mai taya aiki ta fi gane ajami, a rubuta da shi a ƙasan boko.

Kwanan wata kuma kada ya shiga ƙarƙashin salatef, tunda yana canzawa. A yanki ɗan salatef na takarda a manna a kan lebul ɗin daga gefe, a rubuta ranar da aka zuba da fensir. Abin da aka juye daga leda ko kwali, a kwafe ranar lalacewarsa kafin a jefar da kwalin. In mazubi ya ƙare, a ɓare ɗan guntun kawai a sa sabo.