Dogon da aka shimfiɗa a kan taɓo: layin Liverpool zuwa Manchester

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Liverpool da Manchester za mu je yau, amma masu jiran hirar ƙwallo ku yi haƙuri, jirgin ƙasa ya tara mu. Abubuwa huɗu zan taɓo a kan layin dogon da ya haɗa biranen nan biyu na Ingila, mai tsawon mil 31, wanda aka buɗe ranar 15 ga Satumba, 1830.

Na farko, me ya kawo shi? Auduga. Tana sauka a tashar ruwan Liverpool daga Amurka, masaƙu kuwa suna Manchester. Masu hanyoyin ruwan da ke tsakani sun kankane harkar, su yanka kuɗin da suka ga dama, kaya ya yi ta zaman jiran kwale-kwale. 'Yan kasuwa irin su Joseph Sandars suka ce ba za ta saɓu ba. Suka kai ƙudirin gina layin dogo majalisa a 1825, ya faɗi, don lauyoyi sun tsare injiniyansu George Stephenson da tambayoyi, aka gano kurakurai a awon da ya kawo. Aka sake awo, a 1826 doka ta wuce.

Na biyu, kuma nan ne inda nake so, Chat Moss. Jama'a, ku ajiye biro ku saurara. Wani makeken dausayi ne na ruɓaɓɓen ciyayi da ruwa, zurfin taɓonsa a wani wurin ya haura ƙafa 30. Layin kuma sai ya ratsa fiye da mil huɗu a cikinsa. Mil huɗu fa! John Dixon, injiniyan da aka ɗora wa wannan yanki, da zuwansa ya zurma, sai jawo shi aka yi. Leburori katako suke ɗaurawa a tafin ƙafa kafin su taka. Mutum ma bai tsaya ba, ina ga kan jirgi da taragu?

Aka haƙa lambatu don ruwa ya tsane, gefensa ya riƙa ruftawa. Sai suka samo gangunan kwalta na katako, suka fasa bakin da gindin, suka jera su ɗaya na bin ɗaya, ruwa ya sami hanya. A ɓangaren Manchester kuwa ƙasa aka yi ta zubawa, mako da makonni, taɓo na haɗiyewa. Ka zuba yau, gobe ka zo babu. Ka zuba, babu. Masu kuɗin aikin hankalinsu ya tashi, shi kuwa Stephenson ya ce a ci gaba.

To a tsakiya fa, inda ya fi zurfi? Nan dabarar take. Bai nemi ƙasa mai tauri ba. Aka saƙa rassan itace da ciyayi kamar zana, aka shimfiɗa, aka ɗora wata a kai, sannan yashi da tsakuwa, sannan dogo. Nauyin ya bazu, hanya ta zauna a saman taɓo, tana yawo a kai. Wancan ɗalibin yana girgiza kai. Kai ɗan samari, ranar 1 ga Janairu, 1830 aka bi ta da jirgi, kuma har gobe jirage na wucewa ta wurin.

Ina muke? Na huɗu ko? Au, na uku. Sauran aikin a gurguje: gadar Sankey mai baka tara, ramin Wapping da ya bi ta ƙarƙashin Liverpool zuwa bakin ruwa, da dutsen da aka tsaga a Olive Mount. Sai gasar Rainhill ta Oktoban 1829, fam 500 ga injin da ya yi nasara. Har da wanda ya kawo na'urar da doki ke takawa a kanta (dariya). Injin Rocket na su Stephenson da ɗansa Robert ne kaɗai ya gama ba tare da ya lalace ba.

Na ga hannu. Bismillah, Hajiya.

(Tambaya: Malam, an ce an yi rasuwa ranar buɗewa. Mutane ba su gudu ba?)

An yi, Hajiya. William Huskisson, ɗan majalisar Liverpool, ya sauko a Parkside inda aka tsaya shan ruwan injin, ya je gaida Firaminista Wellington. Rocket ya taho ta ɗaya layin ya take masa ƙafa. Stephenson da kansa ya tuƙa jirgin da ya garzaya da shi Eccles, da dare ya cika. Amma gudu? Ina! Tafiyar da keken doki ke yi a wajen awa huɗu ta koma awa biyu ko ƙasa, kuɗin kuma ya fi sauƙi. Masu kekunan doki a wannan hanya kasuwarsu ta mutu. Kamfanin da ya yi lissafin auduga da kwal sai ga shi a shekarun farko fasinja ne ke kawo masa kuɗi fiye da kaya. Shugaban taro yana nuna mini agogo, na huɗun sai wani jiƙon.