Daga Kunkuru Zuwa Faffaɗar Masaƙa

(An kwafo wannan lacca daga faifan murya. An gabatar da ita ne a gaban masu koyon saƙa da wasu tsofaffin masaƙa da aka gayyato.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu masaƙa da na hango a sahun gaba, ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana a kan manyan masaƙun nan da ake girkewa a ƙasa, masu matakai, waɗanda ake shigowa da su daga waje, yadda suka bambanta da yadda ake kafa su. Amma ni daga gida zan fara. Na lura yaro yakan tsaya gaban masaƙar Turawa yana kallonta kamar injin jirgin sama, alhali abin da ke cikinta kakansa ya daɗe yana takawa da yatsun ƙafa.

Wanda ya taɓa ganin masaƙi a Minjibir ko Kura ya san hoton. Mutum na zaune tsakanin sanduna huɗu, zare ya miƙe gabansa ya yi nisa, can ƙarshe an ɗaure shi a jikin wani katako da aka ɗora wa dutse. Wannan katakon shi ne kunkuru. Yana saƙa yana naɗewa a sandar da ke daidai cikinsa, kunkuru yana jan ciki yana matsowa a hankali. Wanda ya raɗa masa wannan suna ya iya kallo. A gaban masaƙin akwai allera biyu, wato jerin igiyoyi masu idanu da ake zura zare a ciki, wasu na cewa andira, rabin zaren ya bi ta ɗaya, rabi ya bi ta ɗaya. Igiya guda ce ta haɗa su ta sama, ta bi ta kan wani ɗan gare-garen katako. In ya taka ta dama ta yi ƙasa, dole ta hagu ta yi sama. Zare ya buɗe baki, ya wurga ƙoshiya, ya jawo matsefi ya buga, ya sauya ƙafa. Ku riƙe mini maganar igiyar nan guda da ɗan gare-garenta, za mu dawo kanta.

Kada wani ya raina wannan masaƙa don faɗin abin da take fitarwa bai wuce tafin hannu ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa Tumbutu da Murzuƙ da Gat har Tarabulus, ya kuma ƙiyasta kuɗinsu a shekara ya kai wuri miliyan 300. Da siraran layukan nan aka yi wannan kasuwa. Na turkuɗin Kura ma bai fi faɗin yatsa ba, a jera su da yawa a ɗinke, a rina da baba, a buga har ya riƙa walƙiya. Irin wannan masaƙar ce Yarbawan Iseyin da Ilori ke yin ashoke da ita, ita ce kuma a Bonwire ta Ghana inda ake kente, sai dai su sukan ƙara allera don zane.

Ta mata daban take. A tsaye ake jingina ta da bango, zaren ya zagaye sandar sama da ta ƙasa, babu mataki, da hannu ake buɗe baki a buga da wani faffaɗan katako. Tana ba da faɗi, amma tsawon zanen ba ya wuce ninki biyu na tsayin masaƙar. Matan Bida da Okene da Akwete sun yi suna da ita, mu ma iyayenmu sun yi gwado da ita. Ba ita ce maganarmu ta yau ba.

To, ita masaƙar ƙasa ta waje me ta zo da shi? Abu biyu. Ta kori kunkuru, ta naɗe zaren tsaye gaba ɗaya a jikin wani gungume a bayanta, saboda haka tana zama cikin ɗaki, ruwan sama bai dame ka ba, awaki ba sa tsallake maka zare. Sannan ta ba da faɗi, mita 1 ko fiye. In faɗin ya fi ƙarfin hannu, akwai ƙoshiya mai tashi da igiya, wadda wani Bature John Kay ya ƙirƙiro a Ingila a 1733. Sauran bambancin da ake ta surutu a kai duk yana wuri ɗaya ne: yaya take buɗe baki?

Akwai wadda nake kira mai sikeli. Allerorinta a rataye suke bibbiyu a kan abin da ke juyawa, ɗaya ta sauka ɗaya ta hau, kamar sikelin mai awo. Kun tuna igiyar nan da ɗan gare-gare? Ita ce dai, an faɗaɗa ta an yi mata ƙafafu. Baba da ke gaban nan yana dariya, don ya gane. Takunta ba nauyi, domin allerar da ke sauka ita ke taimaka wa mai hawa. Ba ta da hayaniya. Kuma zaren sama da na ƙasa ƙarfinsu ɗaya ne lokacin da baki ya buɗe, wanda shi ne abin da auduga ke so, tunda auduga ba ta da talewa irin ta ulu. Aibinta shi ne tana son adalci: in alleranta huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa. In zanenka na buƙatar ɗaya sama uku ƙasa, za ta buɗe, amma bakin ba zai yi tsabta ba, sai ka yi ta lallaɓa ƙoshiya.

Sai mai jak, kamar jak ɗin mota. Ita kowace allera zaman kanta take yi. Wadda ka taka ta tashi, sauran su zauna inda suke. A Amurka da Kanada ita aka fi yayi, saboda ɗaurin matakanta sauƙi gare shi, da yawansu kuma ana naɗe su a jingine. Ga mai son gwada zane iri-iri tana da daɗi. Amma ƙafarka ce ke ɗaga nauyin allera kaf, in sun kai takwas zuwa la'asar za ka ji a gwiwa. Kuma in ka ɗaure zare ya yi tauri sosai, irin taurin da dardumar ƙasa ko luru mai kauri ke so, allerar da ba ka taka ba ma sai ta fara ɗagowa, bakin ya tsuke. Ni dai ban cika ba wa mai saƙar kasuwa shawarar ta ba.

Ta ukun ita ce sarauniya, ita ce kuma mai wahalar sha'ani. Mutanen Suwidin da Finlan ne gwanayenta, kamfanoni irin su Glimåkra da Toika ita suka fi yi. Ina kiranta mai ja biyu. A ƙarƙashin allerorinta akwai sanduna hawa biyu, hawa ɗaya na jan allera ƙasa, ɗayan na tura ta sama. Duk matakin da ka taka, kowace allera sai ta motsa, ko sama ko ƙasa, kuma kai ne ka zaɓa mata. Kenan ta haɗa tsabtar bakin mai sikeli da 'yancin mai jak. Kuɗin wannan daɗi a ƙarƙashin masaƙa ake biyansa. In allera 8 ne mataki 10, igiya 80 za ka ɗaura, kana durƙushe, kowace da tsawonta daidai.

Na taɓa zuwa wata cibiyar koyar da sana'a, ba zan faɗi suna ba, aka buɗe mini wani ɗaki. Masaƙa mai ja biyu ce sabuwa fil, an kawo ta kyauta daga waje. An harhaɗa katakon da kyau, amma da aka zo kan igiyoyi aka rasa gane kansu, takardar bayanin kuma da wani harshe take. Sai aka rufe ɗakin. Da na taɓa ƙafarta ta baya, yatsana ya shige. Gara ta gama da ita daga ciki, fenti kawai ya rage yana riƙe da mutunci. A tsakar gidan cibiyar kuwa wani dattijo na zaune da sandunansa huɗu yana ta fitar da fari. Abin ya tsaya mini a rai.

Wannan ba sabon labari ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe cibiyoyin koya wa mutane saƙa da faffaɗar masaƙa a wurare daban-daban na Nijeriya, amma ba ta ture ta gargajiya ba. Masaƙinmu manomi ne, da rani yake saƙa, kayan aikinsa yana iya naɗewa ya saɓa a kafaɗa. Masu saye kuma layi-layin suke so, don da shi ake ɗinka riga. Kafin a jima masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, yadin inji ya cika kasuwa. Inda faffaɗar masaƙa ta kama ƙasa sosai kusa da mu shi ne Burkina Faso. Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikatan gwamnati sanya saƙar gida, Faso dan fani, mata suka rungumi masaƙar ƙarfe mai mataki wadda mai walda na unguwa ke haɗawa. In ta lalace, wanda ya yi ta yana nan bakin titi.

Shi ya sa in kuka tambaye ni, mai sikeli ce tamu. Kafinta zai iya yin ta, da maɗaci ko ƙirya, kuma a haɗa ta da turaku masu cirewa maimakon ƙusa, domin katako na kumbura da damina ya motse da hunturu, sai ka ɗan buga turken ya koma daidai.

Yanzu kafawa. Kafin zare ya taɓa masaƙa, ɗauki igiya ka auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka sake auna ɗaya giciyen. In ba su zo ɗaya ba, masaƙarka a karkace take, kuma duk gwanintarka gefe ɗaya na yadin zai riƙa saki. Daɓen ɗaki ma a duba shi. A ɗora ƙafafun kan ƙaramin dutse ko tayil saboda abin da na gani a wancan ɗaki.

Sai wadari, wato auna zaren tsaye a jera shi a kan turaku, kuma a nan ake cin kasuwa ko a faɗi. Mu yi lissafi tare. Kana son yadi mai faɗin santimita 90, zarenka kuma 10 ke shiga santimita ɗaya. Zare 900 kenan. Baba a nasa layin mai santimita 10 zare 100 kacal yake fama da su. Kun ga inda faɗi ke karɓar harajinsa. Ka ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a faɗi da tsawo, domin saƙa na tsukewa, wanki ma zai ci nasa. Ka kuma ƙara abin da ya kusa mita ɗaya wanda zai tafi a ɗauri da wutsiyar da ba ta saƙuwa. Saboda wannan asarar ne ba a ɗora wa babbar masaƙa wadarin zane ɗaya. A ɗora na goma a ci riba.

Lokacin wadari akwai inda zare ke giciye da juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wannan giciyen shi ke gaya maka wane zare ke bin wane. Ka ɗaure shi da igiya mai launi kafin ka cire wadarin daga turaku, ka zura sanduna biyu a ciki. Ni da kaina na taɓa sakaci na cire ban ɗaure ba, ina sauri za ni ɗaurin aure. Kwana uku na yi ina tsintar zare ɗaya-ɗaya, ina saƙa da warwara a zuci ko in yanke in huta. Malamina bai ce mini uffan ba, kullum dai in ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki."

Wajen naɗewa a gungumen baya mutum biyu ake so, ɗaya na juyawa, ɗaya na riƙe da zaren da ƙarfi iri ɗaya. Kowane zagaye a saka takarda mai kauri ko siraran sanduna, don kada zaren sama ya nutse cikin na ƙasa. Daga nan a zura kowane zare a idon allerarsa, sannan a matsefi. Kada ka zura 900 ka ce sai ƙarshe za ka duba. Duk 20 ka tsaya ka ƙirga, ka yi ɗan ƙulli. In ka ɗaure a sandar gaba, rufe ido ka shafa bayan hannunka a kan zaren daga gefe zuwa gefe. Hannu na jin sako-sakon da ido ba ya gani. Sannan ka taka matakai ɗaya bayan ɗaya, wani ya leƙa ta gefe ya ga ko bakin ya buɗe tas. Ka fara da tsumma ko abawa mai kauri ɗan taƙi guda har zaren ya baje, kafin ka sa na gaske.

Na ga hannu a can. Na'am, Hajiya?

(Wata daga cikin mahalarta ta yi tambaya a kan yawan tsinkewar zare da hunturu.)

Yawwa, Hajiya, kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Iskar hunturu na busar da auduga ta yi ƙarfi kamar tsinke. Tun kafin wadari ki tsoma zaren tsaye a ruwan sitacin rogo marar kauri, ki shanya a inuwa. Ranar saƙa ki yayyafa ruwa a daɓe, ko ki shimfiɗa jiƙaƙƙen zane ƙarƙashin masaƙar, ki rufe tagar da ke fuskantar gabas. Da dare ki sassauta gungumen kaɗan. In kuma a gefe kawai yake tsinkewa, ba laifin iska ba ne, kina jan abawa da ƙarfi ne. Ki bar ta ta kwanta a karkace cikin bakin kafin ki buga. In ya tsinke kada ki ƙulla a tsakiya, ƙullin ba zai wuce matsefi lafiya ba. Ki zura sabon zare ta idonsa, ki maƙale shi da allura a jikin yadin, ki rataya wa ɗaya bakin ɗan dutse a baya. Ƙaramin kunkuru kenan.

Masaƙar da kafinta ya haɗa mana tana ɗaki na biyu, an bar ta ba a ɗaura matakan ba da gangan. Mutum shida-shida za mu shiga. Wanda ke da igiyar awo ya zo gaba, shi zai fara auna mana kusurwa.