Da a Ce Kulle Ya Dawo Gobe, Me Za Ka Fara Gyarawa?

Nasiru: Assalamu alaikum masu saurare, barkanku da warhaka. Nasiru ne, tare da Anti Rabi da Maryam. Batun yau ku kuka zaɓa mana shi. Tun ranar da wani mai sauraro ya jefa tambayar nan a zaurenmu na WhatsApp, wai da a ce annoba ta sake ɓarkewa aka ce kowa ya zauna gida, me mutum zai fara gyarawa, har yanzu zauren bai yi shiru ba.

Maryam: Har tsakar dare ana ta muhawara. Na tsara mana abubuwa biyar da za mu rufe da su a ƙarshe.

Rabi: To ajiye su tukuna, ƙanwata. Na bi amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce zai cika gida da abinci, wancan ya ce data zai saya mai yawa. Ban ga wanda ya ambaci lokacin tashi daga barci ba, alhali ni a wurina nan ne komai yake fara lalacewa.

Nasiru: Ya fi abinci, Anti?

Rabi: Abinci kowa ya san yana bukatarsa, ba sai an tuna masa ba. Amma ka duba abin da ya faru bayan 11 ga Maris 2020, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya. Aka rufe makarantu da ofisoshi. Abin da ke tayar da mutum da sassafe ya kau. Yau ya kwanta sha biyu, gobe ƙarfe ɗaya, jibi biyu, kafin mako ya zagayo dare ya zama rana. Mutanen birnin Wuhan na ƙasar China kwana 76 suka yi a kulle. Ka ƙiyasta jikin da ya yi kwana 76 bai san safiya ba.

Maryam: Amma Anti, in dai mutum ya cika awanninsa, ina ruwan jiki da lokacin da ya yi su?

Rabi: Da ruwansa kuwa. Akwai agogo a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hasken da ke shiga ido da safe shi ke saita shi. In duhu ya yi, jiki ya saki wani sinadari da ake kira melatonin, shi ke jawo barci. To mutum ya wuni a ɗaki labule a sake, dare ya yi ya kafa wa idonsa hasken waya, ya juya wa agogon nan lissafi gaba ɗaya. Babba yana bukatar awa 7 zuwa 9. In barcin ya rikice, sai ka ga cin abinci ya rikice, fushi ya matso kusa, ƙaramar magana ta zama faɗa. Shi ya sa nake cewa a tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, ko da an yi daren ba a samu barci sosai ba. A tashi, a ɗage labule, a tsaya inda rana take.

Maryam: Ina wanda ba shi da tsakar gida? Iyali guda a ɗaki ɗaya fa, akwai su da yawa cikin masu sauraronmu.

Rabi: Gaskiyarki, kuma ba na raina wahalar. Taga ma ta isa a fara da ita. A buɗe ta, a ja kujera kusa. Riba biyu ce ma, domin cuta irin korona ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗakin da iska ba ta ratsawa. Sannan motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato rabin awa sau biyar. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa awa guda kullum. Ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Ka zauna a kujera ka miƙe ba tare da ka dafa komai ba, ka yi sau goma, ka huta, ka sake. A zagaye na uku za ka ji cinyoyinka suna rawa. Robar ruwa mai lita ɗaya kilo guda ce cif, ka riƙe ɗaya a kowane hannu ka yi ta ɗagawa. Shara da wanki ma suna cikin lissafi.

Nasiru: Kin tuna mini da mutumin nan da ya turo mana saƙon murya.

Maryam: Mai takalmi!

Nasiru: Shi fa. Ya ce duk tsawon kullen, kullum da safe sai ya yi wanka ya sa kayan aiki har da takalmi sau ciki, ya fesa turare, ya leƙa ya ce wa maiɗakinsa, "Na tafi aiki." Sai ya taka zuwa falo.

Maryam: Ita kuma ta ce masa a dawo lafiya.

Nasiru: Ta raka shi har bakin ƙofar ɗaki, in ji shi.

Maryam: Abin da nake son sani, in ya makara wa yake ba haƙuri?

Nasiru: Sai ya ce cunkoso ya samu a hanya, yara sun baza kayan wasa a tsakanin ɗaki da falo.

Rabi: In an tashi aiki kuma sai yaran su ruga su tare shi, oyoyo Baba.

Maryam: Su karɓi jaka!

Nasiru: Ranar hutun ƙarshen mako fa? Yana shiga falon kuwa, ko sai ya ce yau ofis a rufe yake?

Maryam: Don Allah in yana jinmu ya turo amsa. Kuma ya faɗa mana ko ya taɓa neman hutun shekara.

Nasiru: Wa zai sa masa hannu?

Maryam: Uwargida mana, ita ce shugabar ma'aikata.

Rabi: Ku yi dariyarku, amma wallahi mutumin nan ya burge ni. Ya raba wa ransa lokacin aiki da lokacin hutu, a gida ɗaya. Wanda ya wuni cikin kayan barci a kan gado, yana aiki a nan, yana ci a nan, in dare ya yi gadon ba ya kiran barci kuma.

Nasiru: To mu shiga ɓangaren zuciya, don shi ne ya fi yawa a saƙonnin da aka turo mana a ɓoye.

Rabi: A ɓoye fa, ka ji. A zaure ana raha, a bayan fage ana kuka. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa a shekarar farko ta annobar, ciwon fargaba da na baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya, kuma matasa da mata abin ya fi taɓawa. Babban abin da nake zargi bayan kaɗaici shi ne bin labari ba ƙaƙƙautawa. Ƙarfe biyun dare, fitila a kashe, mutum yana kwance yatsa na ta jan waya, yana duba adadin waɗanda suka mutu a ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Adadin ba zai ragu don ya duba ba, barcinsa ne zai tafi. A ware lokaci sau ɗaya ko sau biyu a rana, a saurari hukumar lafiya, a rufe.

Maryam: Ga kuma magungunan da ake turowa.

Rabi: Wannan kam kashe mutane yake yi. A Iran a 2020, aka yaɗa cewa barasa na maganin korona, ɗaruruwan mutane suka mutu bayan sun sha mai guba. Duk saƙon da aka ce tura wa mutum goma, ka tsaya a kansa. Kuma mai hawan jini ko ciwon suga kada ya daina shan maganinsa don tsoron zuwa asibiti, ya kira likitansa a waya.

Maryam: Ni abin da zan ƙara, Anti, a kira mutane da murya. Saƙon rubutu kowa zai iya amsawa da "lafiya lau" yana share hawaye. A murya kuwa za ki ji inda ta karye. Musamman tsofaffi da masu zaman kaɗaici, a sa musu rana da lokaci, su san wayar za ta yi ƙara.

Rabi: Kuma in an kira a yi shiru a saurara, kada a yi gaggawar cewa ka yi haƙuri kawai. Ruwa ba ya tsami banza. In mutum ya kai mako biyu ransa a ɓace kusan kullum, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci da ci sun sauya, wannan ya wuce gajiyar zaman gida, ya kamata ya ga likita. In kuwa ya fara maganar gara ya mutu, ba a jira gobe, kuma ba a barinsa shi kaɗai. Akwai kuma waɗanda gidan ne kansa haɗarin. A watan Afrilun 2020 sai da Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya fito ya yi kira kan yadda dukan mata ya ƙaru a lokacin kulle. In ka ji kuka daga maƙwabta...

Nasiru: Anti, a gafarce ni, lokaci ya cinye mu. Maryam, abubuwanki biyar.

Maryam: A minti ɗaya? Ko batun yara ba mu taɓa ba, ga shi iyaye ne suka fi tambaya.

Rabi: A bar yara zuwa mako mai zuwa, su kaɗai shiri guda ne. Amma bari in ƙarasa na maƙwabtan. Kada ka ce ba ruwanka. Ka ƙwanƙwasa, ko ka kira wanda ake jin maganarsa a gidan, in abin ya yi tsanani ka kira hukuma.

Nasiru: To shi ke nan. Maryam za ta sa jerin nata a zaure. Mai takalmi, muna jiran amsarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, mu kwana lafiya.