Yadda Leza Ke Tona Asirin Masana'antu Masu Sakin Guba a Iska

[Hoto: babbar mota tsaye a bayan katangar matatar mai]

Kun ga motar nan? Ko ƙofar matatar ba ta shiga ba, amma ta san tankin da ke yoyo a ciki. Tun da bidiyonta ya fara yawo ake ta musu: wasu sun ce lezar, wato siririn haske mai ƙarfi da motar ke harbawa, ƙona hayaƙin take yi, wasu sun ce hotonsa take ɗauka. Duka an yi kuskure.

Sunan na'urar lidar. Tana harba haske a gutsure a gutsure, ƙurar da ke cikin iska ta dawo da ɗan kaɗan daga ciki, madubin hangen nesa ya tattara. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, saboda haka wanda ya dawo bayan kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa, daga nisan mita 150 ya juyo. An samu nisa ke nan. Mu wuce.

[Hoto: layuka biyu suna fita daga motar]

To, a nan ake ruɗewa, sai ku nutsu. Haske biyu ake harbawa, ɗaya na bin ɗaya, a hanya guda. Kowace iskar gas tana da launin hasken da take shanyewa. Methane, iskar gas mai kama wuta da ke fita daga rijiyoyin mai, na shan wanda ke can ƙasa da ja, inda ido ba ya gani. Benzin (wani sinadari mai guba da ke cikin fetur) da iskar farar wuta kuwa sun fi son wanda ke sama da shunayya. Sai a saita haske na farko daidai kan launin da iskar ke sha, na biyu kuma a gusa da shi ɗan ƙiris, inda ba ta damu da shi ba.

Kamar ka aiki yara biyu ne ta lungu ɗaya, wannan riƙe da tsire, wancan hannu rabbana. Rana da ƙura duk tare suka sha. In mai tsire ya dawo da tsinke kawai, ka san akwai kare a lungun.

Me ya sa ba za a tura ɗaya kawai ba? Saboda hazo da ƙura su ma suna rage haske. Amma su ba sa zaɓe, duka biyun suke ragewa daidai. Bambancin da ya saura tsakaninsu, wannan aikin iskar da ake nema ne. Inda bambancin ya fara buɗewa, nan gubar take. Girmansa kuma shi ne yawanta.

Af, wancan koren hasken da ake gani a bidiyon, masu haɗa bidiyo ne suka ƙara don ya burge. Farin gajimaren da ke tashi daga bututu ma sau da yawa tururin ruwa ne. Abin tsoron ba ya ganuwa.

[Hoto: na'urar auna iska tana juyawa]

Saura lissafi. Ana bin sararin gefen masana'antar da iska ke kai hayaƙin da hasken, daga ƙasa zuwa sama, a haɗa da saurin iska, sai a sami kilo nawa ke fita a awa guda.

Cibiyar awo ta ƙasar Birtaniya, NPL, da ke Teddington, ta daɗe tana yawo da irin wannan mota, har Texas ta Amurka an kai ta. A wata matata a Alberta ta Kanada kuwa, awon da aka yi a 2005 ya nuna tururin mai da ke tserewa ya ninka abin da lissafin takarda ya nuna fiye da sau 10. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan: galibi kamfani ne ke ƙiyasta ƙazantarsa da kansa, ya miƙa wa hukuma.

Sai dai motar ba alƙali ba ce. Ruwan sama da hazo mai kauri suna takura mata, iska in ta kwanta lissafin ya lalace, ga tsada. Kuma kafin a ce an karya doka, dole jami'i ya ɗauko lasisin kamfanin ya duba adadin da aka yarje masa ya saki.