Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Cin Gumin Albasa?

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Tawa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuwa ba yawa, don haka ba doguwar gaisuwa. Muna tare da malaminmu na tattalin arziki. Malam, sannu da zuwa.

Malam: Yawwa, sannunmu dai.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Madawa yana tambaya ko Karl Marx, jigon aƙidar gurguzu, ɗan Rasha ne. A'a, Bajamushe ne, an haife shi a Trier a 1818, ya rasu a Landan a 1883, tun kafin juyin juya halin Rasha na 1917. Ɗana, wannan ai yana cikin littafinka, ka riƙa buɗawa. Wata baiwar Allah daga Ƙonni kuma ta ce, Nijar ta taɓa bin gurguzu? Gwamnati ba ta taɓa ba. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ce ta karkata can, aka haramta ta a 1959. Maƙwabciyarmu Benin ce ta yi shelar bin gurguzu a 1974, zamanin Shugaba Kérékou.

To, ga wadda ta fi yawa, daga Galmi da Tamaske, duk manoman albasa. Wani Alhaji ya ce: mu ke noma, mu ke ban ruwa, da girbi dillali ya saya da arha, a loda wa manyan motoci sai Abijan da Akara, can a sayar da tsada. Shin wannan ne cin gumin da 'yan gurguzu ke zargin jari-hujja da shi?

Malam: Wato sai mu koma Ingila. Marx ya fitar da kashi na farko na littafinsa Das Kapital a 1867, abokinsa Engels kuwa ya yi aiki a masaƙar auduga ta gidansu a Manchester, inda har yara ƙanana...

Mai gabatarwa: Malam, albasa dai, albasa. Alhaji na jira.

Malam: Can na nufa. Marx bai fara da mai saye da sayarwa ba, da mai ɗaukar ma'aikaci ya fara. A ce ka ɗauki ɗan ƙwadago jika biyu a wuni. Kafin azahar ya yi aikin da ya kai jika biyun nan. Amma ba ya tashi, sai la'asar sakaliya. Abin da ya yi daga azahar zuwa la'asar, shi Marx ke kira rarar ƙima, kuma aljihun mai gona take shiga. Ba sata aka yi ba, an biya shi yadda aka shirya. Sai dai ba shi da rijiya, ba shi da injin ban ruwa, ƙarfinsa kawai gare shi, dole ya sayar.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masu ji a kasuwa. Safe zuwa azahar, ya biya kansa. Azahar zuwa la'asar, na mai gona ne. To dillalin fa?

Malam: A wajen Marx, dillali da mai ba da bashi ba su ƙirƙiri ribar ba, rabonsu suke yanka daga waccan rara. Ƙaramin manomi mai aiki da 'ya'yansa, gumin kansa ake ci. Amma idan Alhaji na ɗaukar yara goma dashe...

Mai gabatarwa: Af! Alhaji, ka kawo ƙara, ga shi an juyo kanka. Ka yi haƙuri, ba ni na faɗa ba.

Malam: Amma a yi adalci. Yawancin masana yau ba su yarda gumi kaɗai ke yanke farashi ba. Buhun watan Afrilu da na Oktoba gumi ɗaya ne, kuɗin ba ɗaya ba, don a Afrilu albasa ta cika kasuwa. Kuma wanda ya sayi fetur da taki, in ta ruɓe a rudu, wato rumbun ajiye albasa, shi ke kwana da asara. Inda Marx ya gani da kyau, jari na taruwa a hannun 'yan kaɗan, babba na haɗiye ƙarami. Maganin ne ya zo da matsala. Da aka ƙwace gonaki aka haɗe a Tarayyar Sobiyet, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi a Yukiren. Sin ma daga 1978 ta fara mayar wa iyalai noman gonaki.

Mai gabatarwa: Ni dai a ganina, Alhaji, bashi ne ke sa ku sayarwa ranar girbi. Wanda ya ci kuɗin dillali tun dashe ba ya da bakin ciniki. Ku haɗa kai, ku gyara rudu, ku jira farashi. Yaran dashen nan kuma a ƙara musu wani abu.

Saura minti ɗaya. Wani daga Keita ya ce, tunda Marx bai yarda da addini ba, ya halatta a karanta shi? Wannan ta fi ƙarfin teburin nan, mun miƙa ta ga malaman shirin Juma'a. Mai tambaya kan karya darajar sefa a 1994, mako mai zuwa da kai za mu fara, in Allah ya kai mu.