Jami'ar Liberty: yadda ɗalibai da kuɗi suka yi yawa, masu sa ido suka yi kaɗan

Jama'a, barkanmu da yamma. Malamai da shugabannin makarantu da ke zaune a nan, sannunku da zuwa.

Maganarmu ta yau a kan wata jami'ar Kirista ce da ke garin Lynchburg a jihar Bajiniya ta Amurka, sunanta Liberty. Dalilin zaɓenta shi ne duk abin da ake tsoro ya sami makarantar addini idan ta bunƙasa da gaggawa ya same ta, kuma a rubuce yake a takardun kotu da na gwamnati, ba jita-jita ba ce.

Fasto Jerry Falwell ne ya kafa ta a 1971, a matsayin ƙaramar kwaleji ƙarƙashin cocinsa na Thomas Road, da ɗalibai 154. A 1985 ta zama jami'a. Kuɗin da aka gina ta da shi ba daga ɗalibai ya fito ba. Falwell yana da shirin wa'azi a talabijin, masu kallo suna aiko da gudummawa ta gidan waya, da wannan ake biyan albashi ana ta da gine-gine. Ku riƙe wannan, domin shi ne kuskure na farko: makaranta mai albashi na wata-wata ta jingina da kyautar da babu wanda ya yi alkawarin za ta ci gaba da zuwa. A 1987 da 1988 abin kunya ya fallasa wasu manyan masu wa'azin talabijin, Jim Bakker da Jimmy Swaggart. Ba Falwell ne ya yi laifin ba, amma jama'a suka janye hannu daga dukkan masu wa'azin talabijin. Gudummawa ta ƙafe, gine-ginen da aka yi da rance suna nan, masu bin bashi suna jira. Jami'ar ta shiga shekarun 1990 da bashin gomman miliyoyin daloli, har a 1996 hukumar da ke tantance jami'o'in kudancin Amurka ta sa ta a matakin gargaɗi saboda halin da aljihunta ke ciki. A can, idan aka janye wa jami'a tantancewa, ɗalibanta ba za su ƙara samun rancen karatu na gwamnati ba, wannan kuwa daidai yake da rufe ƙofa.

Wasu attajirai ne suka tallafa ta tsaya da ƙafarta. Ragowar bashin kuma mutuwar mai makarantar ce ta biya shi. Falwell ya rasu ranar 15 ga Mayu, 2007, ya bar inshorar rai ta dala miliyan 34, miliyan 29 na jami'a, miliyan 5 na coci. Aka raba gado tsakanin 'ya'yansa maza biyu: Jonathan ya riƙe coci, Jerry ƙarami, wanda lauya ne, ya riƙe jami'a. Ba a tallata kujerar ba, ba a gwada shi da kowa ba. Uban ya riga ya tsara hakan tun yana raye, majalisar amintattu ta sa hannu.

A yi masa adalci, Jerry ƙarami ya san lissafi, kuma ya hau kujerar a daidai lokacin da wata ƙofa ta buɗe. Tun 1985 Liberty take koyarwa daga nesa, tana aika wa ɗalibai laccoci a kaset ɗin bidiyo. Amma akwai wata doka ta 1992 da ta ce makarantar da fiye da rabin karatunta daga nesa ne ba za ta ci moriyar tallafin gwamnatin tarayya ba. A 2006 majalisar dokokin Amurka ta soke wannan sharaɗi, ga intanet mai sauri ya shiga gidaje. Sai ya zama babu iyaka ga yawan ɗaliban da jami'a za ta ɗauka ta kwamfuta, kowannensu kuma yana iya zuwa da rancen gwamnati a hannu.

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin wanda bai gane yadda injin nan ke aiki ba, ba zai gane sauran labarin ba.

Ɗalibin da ke zaune a harabar jami'a yana buƙatar gado, ɗakin karatu, kujera a aji, asibiti, mai gadi, wurin cin abinci. Idan ka ƙara ɗalibai dubu, sai ka gina masu masauki. Ɗalibin intanet ba ya buƙatar ko ɗaya. Ana tsara darasin sau ɗaya: laccar da aka naɗa, littafin da za a karanta, tambayoyin da kwamfuta ke makawa da kanta, da shafin tattaunawa inda kowane ɗalibi zai rubuta ra'ayinsa ya amsa wa abokansa. Sai a maimaita wannan darasi ga ajujuwa masu yawa, a ɗauki malamin wucin gadi ya riƙa duba aikin ɗalibai, a biya shi bisa kowane aji. Zangon karatun ma an gajarta shi zuwa mako 8, saboda haka ana buɗe ƙofar shiga sau da yawa a shekara maimakon sau biyu. Babban kashe kuɗi yana wajen talla ne da neman ɗalibai. Liberty ta zuba ɗaruruwan ma'aikata a kan waya, aikinsu shi ne wanda duk ya cike fom a shafin intanet a kira shi cikin gaggawa, a bi shi har ya yi rajista, a taya shi cike takardar neman rance.

Sakamakon ya wuce abin da kowa ya zata. Ɗaliban harabar sun kai kimanin 15,000, na intanet kuwa suka doshi 95,000. A 2017 kaɗai, ɗaliban Liberty sun karɓi sama da dala miliyan 770 na rance da tallafi daga ma'aikatar ilimi ta tarayya. Dukiyar jami'ar da take kimanin dala miliyan 150 a 2007 ta haura biliyan 2.5 cikin shekara goma. Aka buɗe kwalejin likitanci a 2014, aka gina hasumiya mai tsawon ƙafa 275, aka shigar da ƙungiyar ƙwallon jami'ar babban rukuni. Amma akwai wani adadi da ya fi waɗannan muhimmanci. A 2016, abin da jami'ar ta kashe a kan koyarwa ga kowane cikakken ɗalibi bai wuce dala 2,609 ba, adadin da yake ƙasa da na jami'o'i da dama, har da wasu na 'yan kasuwa da ake zargi da rowa. Ma'ana, magidanci ko tsohon soja da ke karatu da dare bayan ya taso daga aiki, da kuɗin da ya ranto ake gina filin wasan da ƙila ba zai taɓa takawa ba. Jami'ar da ta ce don Allah aka kafa ta, wannan tambaya ce da ya wajaba ta amsa.

Yanzu ga inda shugabanci ya shigo. A tsarin jami'a mai zaman kanta, majalisar amintattu ce uwa: ita ke ɗaukar shugaba, ta yanke masa albashi, ta tsige shi idan ya kauce. To amma wa zai ɗaga murya ga mutumin da ya karɓi makarantar da ta daɗe tana fama da bashi ya mayar da ita mai biliyoyi? Yawancin 'yan majalisar fastoci ne da abokan mahaifinsa. Wanda ya gwada yin magana ya ga abin da ya biyo baya. A farkon 2016 Jerry ƙarami ya fito ya goyi bayan takarar Donald Trump. Mark DeMoss, shugaban kwamitin zartarwa na majalisar, wanda ya yi wa mahaifin aiki shekaru, ya fito fili ya ce bai yarda da hakan ba. Cikin 'yan watanni ya bar majalisar. Malamai kuma ba su da kariya, domin in ban da tsangayar shari'a, babu aikin dindindin a Liberty, kwangilar shekara-shekara ce. Malamin da bai san ko za a sabunta masa kwangila baɗi ba, ba zai tashi a taro ya tambayi ina kuɗi ya tafi ba.

A 2019 jaridu suka fara wallafa rahotanni kan cinikin filaye da kwangiloli da ake zargin suna tafiya ga dangi da abokan shugaban. Majalisar ba ta motsa ba. A shekarar ma aka sabunta masa kwangila da sharuɗɗa masu tsoka. Sai a watan Agusta na 2020 ya saka wani hoto na rashin kamun kai a shafinsa, a jami'ar da ke hukunta ɗalibai kan sutura da shan giya. Aka tura shi hutu ranar 7 ga wata. Kafin wata ya ƙare wani labari game da rayuwar aurensa ya fito, ranar 25 ya ajiye aiki. Ku lura, ba binciken kuɗi ne ya cire shi ba, abin kunyar da ba ya ɓoyuwa ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: majalisar da ta yi shekara 13 tana kallo tana da nata kason.

Kuma ranar da ya tafi, babu magaji a shirye. Shugaban majalisar da kansa, Jerry Prevo, tsohon fasto daga Alaska, shi ya zama shugaban riƙo, wato wanda aikinsa sa ido ne ya koma wanda za a sa wa ido. Riƙon ya kai kusan shekara uku. A Afrilun 2021 jami'ar ta maka tsohon shugabanta a kotu tana neman dala miliyan 10, shi ma ya shigar da nasa ƙararrakin kan kuɗin ritaya da amfani da sunan mahaifinsa, ba a sasanta ba sai Yulin 2024. A 2023 ne aka naɗa Dondi Costin, tsohon manjo janar kuma shugaban limaman rundunar sojin sama, wanda ya taɓa shugabantar wata jami'ar Kirista a Charleston. Jonathan Falwell kuma aka ba shi muƙamin uban jami'a. An raba gudanarwa da jagorancin addini, duk da cewa sunan gidan yana nan a sama.

Abin da ya fi ciwo shi ne na ɗalibai mata. Akwai dokar Clery ta 1990 da ta wajabta wa kowace jami'ar da ke cin tallafin gwamnati ta rubuta laifukan da aka aikata a harabarta, ta gargaɗi ɗalibai a kan lokaci idan akwai haɗari, ta fitar da rahoto duk shekara. A 2021 mata 12 suka kai ƙara, suna cewa wadda ta kai kukan an yi mata fyaɗe tana iya fuskantar hukunci kan karya dokar ɗa'a ta makaranta, kamar shan giya ko kaɗaita da namiji, saboda haka da yawa suka yi shiru. Ma'aikatar ilimi ta bincika shekarun 2016 zuwa 2023, a Maris na 2024 ta ci jami'ar tarar dala miliyan 14, mafi girma da aka taɓa yi ƙarƙashin wannan doka a lokacin. Jami'ar da take da biliyoyi ba rashin kuɗi ne ya hana ta gina ofishin karɓar koke mai ƙarfi ba. Ofishin neman ɗalibai yana kawo kuɗi, sai ya girma. Ofishin koke yana kawo labarin da ba a son ji, sai aka bar shi yadda yake.

Liberty dai ta tsira saboda tana da kitse a jiki. Wadda ba ta da shi, ku dubi Jami'ar Concordia ta Portland a jihar Oregon, ta cocin Lutheran, wadda aka kafa a 1905. Ita ba ta gina nata injin ba, ta haɗa kai da wani kamfani mai suna HotChalk ya riƙa yi mata talla da neman ɗalibai a kan kwangila mai tsawon shekaru, yana ɗaukar kaso mai yawa daga kuɗin makaranta. Ɗalibai suka haura 7,000 a wajen 2014, yawancinsu malaman makaranta masu neman digiri na biyu. Da wasu jami'o'i suka shigo kasuwar, adadin ya fara sauka, amma kwangilar da bashin ba su sauka ba. Shugabanta na shekara 35 ya yi ritaya a 2018, aka shiga hannun 'yan riƙo. A Fabrairun 2020 aka sanar da rufewa, ma'aikata kimanin 1,500 suka rasa aiki, kamfanin kuma ya kai ƙara yana neman sama da dala miliyan 300. Sauri ya haifi nawa.

To me ya kamata majalisa ta yi tun ana cikin daɗi? Gyaran da aka yi a Jami'ar Oral Roberts ta Oklahoma ya nuna hanya. A ƙarshen 2007 Richard Roberts, ɗan wanda ya kafa ta, ya sauka bayan zarge-zargen almubazzaranci, jami'ar na ɗauke da bashin sama da dala miliyan 50. Wasu attajirai, iyalin Green, suka ba da dala miliyan 70, amma da sharaɗin a rushe tsohuwar majalisa a kafa sabuwa, aka kuma ɗauko shugaba daga wajen gidan Roberts. Kuɗin ya zo tare da canjin masu sa ido, wannan ne ya sa ya yi aiki.

A aikace, mai binciken kuɗi ya riƙa kai rahotonsa ga kwamitin majalisa kai tsaye, a zauna da shi a ɗaki ba tare da shugaba ba, aƙalla sau ɗaya a shekara. Duk kwangilar da ta shafi ɗan uwan shugaba ko na ɗan majalisa a rubuta ta, mai alaƙa ya fita kafin a yi ƙuri'a. 'Yan majalisa su kasance da wa'adi, kuma kada shugaba ya zama shi ke zaɓo su. Kwangilar shugaban kanta lauyan majalisa ya duba ta, musamman sashen da ya faɗi abin da za a biya shi idan ya tafi da laifi, domin a nan ne Liberty ta ɓata sama da shekara uku a kotu. Sunan wanda zai riƙe jami'a gobe idan shugaba ya faɗi yau ya kasance a rubuce, kuma kada ya zama shugaban majalisa.

Sai kuma adadi uku da ya kamata su zo gaban majalisa duk zango, kusa da adadin sababbin ɗalibai: nawa ake kashewa a koyar da ɗalibi guda, kashi nawa na waɗanda suka shiga suke gamawa, da kashi nawa na kuɗin shiga ke fitowa daga rijiya guda. Idan ɗalibai suka ninka biyu amma ma'aikatan ofishin koke da na rajista da na tsaro suna nan yadda suke, majalisa ta dakatar da ɗaukar sababbi har a cike giɓin, ko da shugaba zai ji haushi.

Lokacinmu ya kusa cika. Masu tambaya su ɗaga hannu, mu fara daga layin baya.